Abin da Ban Faɗa Ba a Bakin Tekun Lome

Dakoro, bayan la'asar

Zuwa ga maigidana Baban Ramla, gawona mai ba da inuwa lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye, ruwan sabuwar randa a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, hasken da nake gani ko na rufe idona.

Sallama a gare ka, da gaisuwa mai yawa wadda takardar nan ba za ta iya ɗauka ba. Ina gajiya, ina aiki, ina zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau muke. Ramla da ƙannenta suna gaishe ka. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haihu, kuma gajimare ya fara taruwa ta gabas, ko da yake har yanzu bai zubar da komai ba. Ni ma haka nake tun da na dawo daga wurinka: na taru, na yi duhu, ban zubar ba. Yau zan zubar.

Da na so, da na sa Ramla ta danna mini waya in yi maka magana. Amma na ga ɗakinku na Lome da idona, na ga yawan kunnuwan da ke kwana a cikinsa. Kuma abin da zan faɗa, bakina ba ya iya shi. Shi ya sa na ɗauki bik na zauna rubutu. Ka san sai da na aurar da ƙannena, na yaye auta, kafin in zauna gaban Madam Sharifa a ajin manya, don haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri da shi. Maganar da ke ciki ba ta karkace ba. Arzika direba zai kawo maka ita hannu da hannu.

Masoyina, ranar da Arzika ya sauke ni a tashar Lome, bayan tafiyar da ta sa na manta yadda ake miƙe ƙafa, na hango ka cikin taron mutane da rigarka mai tabon mai, kana ɗaga wuya kana nemana. Wallahi duk gajiyar ta sauka. Wane birni? Wane bene? Ni kai na zo gani. Da ka bar ni zaune a bakin rumfar da kake gyaran kekuna, ina kallon hannunka yana lallaɓa sarƙa kamar yadda yake yi a Dakoro, da na koma gida ina godiya. Amma sai ka ce ka tanadar mini abin mamaki. Ka ce gobe za ka kai ni yawon keke a bakin teku tare da baƙi, in ga aikin da ya riƙe ku a can, kai da wancan yaron naka.

To, na gani. Kuma tunda ka yi ta tambayata a hanya ko ya yi mini kyau ina yi maka shiru, bari yau in ba ka amsa.

Ban taɓa ganin wauta mai tsada irin wannan ba! Manyan mutane, wasu da furfura, wasu da tumbi, Anasara da baƙaƙe masu kuɗi, sun tashi da sassafe sun sa guntayen wanduna irin na yaran makarantar lakwal, sun shafa farin mai a fuska kamar masu jinyar ƙyanda, sun biya kuɗi domin a ba su keke su yi gumi. Ba kasuwa za su ba. Ba gona za su ba. Ba mara lafiya suka ɗauko ba. Za su tafi, su juyo, su dawo daidai inda suka tashi, hannu wofi! A Dakoro keke yana da mutunci. Yana ɗaukar jarka huɗu daga famfo, yana ɗaukar buhun wake, yana kai mai naƙuda likita idan babu amalanke. Kai da kanka ka sha gaya mini cewa keke ɗan'uwan jaki ne, sai dai ba ya cin kara. A can kuwa na ga an mai da shi abin wasan ƙattai.

Ga mai gidan kekunan naku, wanda kuke ce wa patron, da agogonsa mai faɗin faifai. Ya tare ni yana washe baki yana ta Mama, Mama, alhali ya girme ni nesa ba kusa ba. Ina na haife shi? Sannan ya sa aka kifa mini hular kwano a kan hijabina, aka ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓata kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ka yi dariya, na gan ka. Kai ma ba ka ga kanka ba ne, abin ƙaunata: kan nan naka mai kyau, wanda hular zanna ke zama a kai kamar don shi aka saƙa ta, ya koma kamar tukunyar da aka kife bayan an gama tuwo.

Aka jera. Kai a can baya, da famfon iska da jakar spana, don tsince waɗanda tayarsu ta sace, ni kuma a bayanka a kan kariya, tunda ban iya tuƙi ba kuma ba ni da niyyar koya. A can gaba kuwa, da riga ruwan ɗorawa da usur a baki, jagoran tafiya. Ka san wanda nake nufi. Ɗan farinmu, wanda ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar da liman ya raɗa masa shi, wanda mahaifiyata Inna Aisata ta ɗauke tun yaye ta raina a ɗakinta, har ya tashi yana ce mini Yaya kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ya yi tsawo. Ya yi faɗin kafaɗa irin naka. Faransancin da ya koyo a makarantar lise yana zuba daga bakinsa kamar ruwan indararo, baƙi suna gyaɗa kai. Na gan shi da wutsiyar ido kawai, kamar yadda na saba ganinsa duk tsawon rayuwarsa.

Me ya nuna musu? Ya nuna musu itatuwan kwakwa. Itace mai tsawon banza, ya tafi sama ya bar mutum a rana, inuwarsa ko ɗan tsako ba ta isa. Suka tsaya suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Da sun ga gawon da ke gonarmu, ai da sun suma. Ya busa usur, muka ƙara gaba, ya nuna musu wasu tsofaffin ƙarafa da suka miƙe cikin ruwa, tsatsa ta cinye, tsuntsaye sun yi musu kashi. Wai gada ce ta Turawan dā, wai jiragen ruwa suna tsayawa a nan. To, sai me? Ina jiragen? Abin da ya lalace, a garinmu ko a gyara shi ko a kai wa maƙeri ya fitar da hauya. Su kuwa tsayawa suka yi suna jimami kamar a gaban kabarin waliyyi. Wata doguwar Anasara har da dafa ƙirji.

Sai muka iso inda masunta suke jan koma. Mutane ne jere a kan igiya, tsofaffi da samari, jijiyoyin wuyansu sun tashi, suna ja suna waƙa don kada ƙarfinsu ya ƙare. A nan ne raina ya fi ɓaci. Baƙin naku suka sauka suka kewaye su suna ɗaukar hoto, ɗaya ma ya kama igiyar ya ɗan ja, ya saki, ya duba tafin hannunsa, aka yi masa tafi. Wahalar mutum ta zama abin kallo! Ka yi tunani a ce muna sussuka, ƙaiƙayi ya cika mana wuya, wasu su zo a kan keke su tsaya suna murmushi suna nuna mu da yatsa. Da taɓarya zan bi su. Ga ƙarnin kifi ya cika ko'ina, ya shiga hijabina, sai da na wanke shi sau da yawa bayan na dawo kafin ya yarda ya fita.

Shi kansa tekun da kuke ta yabo fa? Ruwa ne, na yarda, ruwa har inda ido ya ƙare. Amma ruwan me? Ka tsoma yatsa ka sa mini a baki, na tofar. Ba a sha. Ba ya dafa tuwo. Ba ya raya ko tushen yakuwa ɗaya. Akuya mai ƙishi za ta sunsuna ta juya. Na tuna matan Tagriss da ke bin jaki da igiya tun safe, suna jiran guga ta fito daga rijiyar da ba a ganin ƙasanta, na ce da za a kawo su nan su ga wannan ɓarna, kuka za su yi. Ruwa mai yawa haka, ba ya amfanar ko tunkiya, sai ruri yake yi dare da rana kamar raƙumin da ya haukace, yana tasowa yana dukan ƙasa yana komawa, yana tasowa yana komawa, ba ya gajiya don ba aikin kirki yake ba. Tabkinmu na damina, da laka da kwaɗinsa, ya fi shi albarka.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, sanyin idona. A cikin wannan shirmen duka akwai abin da na ɓoye na kawo gida. Bayanka ne. Na riƙe gefen rigarka, iska tana kaɗa mu, ina jin numfashinka yana hawa yana sauka, ina jin ƙanshin guminka wanda ko cikin mutum dubu zan gane. Sai na rufe ido, teku ya ɓace, Anasara suka ɓace, na koma hanyar ƙauyenmu.

Ka tuna? Lokacin da cikin fari ya tsufa, za a mai da ni gida goyon ciki. Motar kasuwa ta sauke mu a Sabon Maci, ka sauko da kekenka daga samanta, ka naɗe zanenka na rufa ka shimfiɗa mini a kan kariya. Ba mu yi nisa ba rairayi ya kama taya. Na ce bari in sauka in taka, ka ce in na sa ƙafa a ƙasa ba ka yafe ba. Ka sauka kai, ka kama ƙaho, ka yi ta turawa, ni ina zaune kamar sarauniya, rana tana dukan ƙeyarka, ƙaya tana shiga takalminka. Da ka gaji sai ka jingine mu a gindin aduwa, ka tsinko mini ƴaƴanta, ina tsotsa ina yamutsa fuska kana dariya. Babu jagora, babu usur, babu wanda ya ɗauki hotonmu. Gero ya yi kai a dama da hagu, kurciyoyi suna kuka, kuma abin da ke cikina yana motsi duk lokacin da keken ya yi tsalle. Ka ce wannan yaro tun bai fito ba ya san keke. Wannan ita ce tafiya, Baban Ramla! Tana da inda ta dosa, kuma abin da muka ɗauko ya fi duk abin da jiragen ruwansu suka taɓa ɗaukowa.

Shi ne abin da ka tura cikin rairayi da gumin goshinka. Shi ne kuma abin da na ga kana tafa wa hannu yana faɗawa bakin teku.

Ban san haka yawon naku yake ƙarewa ba. Da na sani, wallahi da ban hau ba. Aka tsaya a wani fili, aka jingine kekuna, aka sare wa kowa kwakwa ya sha. Na zaci an gama. Sai na ga baƙi sun juya wuri ɗaya sun ɗaga wayoyi, suna kiran wani abu tare suna tafi. Sai na ga wancan yaron ya cire usur, ya tuɓe riga, ya ruga a guje ya tari ruwan da ya taso sama da tsawon katangarmu. Ruwan ya rufe shi. Babu kai, babu hannu, babu komai, sai farin kumfa. Yaron Dakoro! Yaron da ruwan da ya sani shi ne na tabki, wanda ko a tsakiyar damina bai wuce ƙirji ba! Na duba dama da hagu, ƴaƴan masunta ma, waɗanda aka haifa cikin ƙarnin kifi, ba a nan suke wasa ba, suna can inda ruwan ya kwanta. Nan inda ya fi hauka, nan aka zaɓa, don nan ne hoto ya fi kyau.

Sunansa ya taso mini daga ciki, ya cika mini baki, ya daki haƙorana. Inna Aisata, wadda ita ce ke da ikon ta kwarma ihu ta kira shi, tana kabari. Ni kuwa ga mutane, ga ka, ga patron. Harshena ya tuna tarbiyyar da aka yi masa, ya ƙi motsi. Sai na juya wa tekun baya. Na kafa idona a kan addar mai sayar da kwakwa, ina kallon yadda take hawa tana sauka, ina karanta duk abin da na sani a cikin zuciyata. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji ihun murna, na ji tafi, kuma a cikin tafin na gane naka, don ko tafinka na sani.

Ya fito yana ɗigar ruwa yana haki. Ya bi ta gabana a hankali, ya ɗan tsaya. Na ga ƙafafunsa, yashi ya manne musu, ƙaramin yatsan nan da ya karye yana yaro yana nan a karkace. Ban ɗaga kai ba. Na ce maka rana ta yi, mu tafi. Abin da na faɗa ke nan. Da yamma na dama fura da geron da na kawo daga gida, na zuba masa mafi kauri, na ba ka ka miƙa masa kamar daga gare ka.

Na dawo Dakoro ina cewa a raina: maigidana ya gani. Ya ga bayana da na juya, ya ji yadda na damƙe rigarsa muna komawa, ba sai na yi magana ba. Zai hana.

Sai shekaranjiya Ramla ta shigo da waya a hannu tana murna. Wai ka ce a gaya mini albishir. Wai patron ya ga baƙi suna son wasan ruwan fiye da kekunan, zai sayo ƙaramin kwalekwale da wasu alluna da ake hawa a kan ruwa, yaron zai riƙa shiga da su can ciki kullum. Wai ka ce wa patron babu matsala, uwar yaron ta zo ta gani da idonta ba ta ce komai ba, ta yarda. Ta yarda! Sannan Ramla ta rage murya ta ƙara da wadda ta fi ciwo. Wai wanta ya karɓi wayar ya ce mata: Yaya ta zo tun daga Dakoro, ko kallona ba ta yi ba, na shiga ruwa don ta ga abin da na iya, ta juya mini baya. Wai ya ce ya gane, aikinsa ne na raina, ko kuwa shi ɗin ne.

Shi ban ga laifinsa ba. Ya daɗe a can, yana ganin matan bakin teku suna rungumar ƴaƴansu ƙattai a tsakiyar titi, suna kiran su da suna tun daga nesa. Ido yana koyon abin da yake gani. Amma kai, Baban Ramla? Kai, rabin raina? Kai da ka ɗauko ni daga ɗakin uwata ina rufe fuska, ka zauna da ni har ka san bambancin shiruna na fushi da na kunya da na ciwo? Gishirin tekun nan ya cinye maka wannan sanin kamar yadda ya cinye ƙarafan gadarsu?

Ka tuna shekarar da ƙyanda ta kama shi. Inna Aisata tana cikin ɗaki da shi a cinya, mata suna shiga suna fita, ni ina waje ina daka. Babu wanda ya sa ni. Na daka geron ranar, na daka na gobe, na ɗauko na jibi. Maƙwabta suna yabona, wai Mariama akwai kunya, ɗanta yana kwance ko leƙawa ba ta yi ba. Kai kaɗai ka zo ta bayan rumbu, ka karɓe taɓaryar, ka buɗe tafin hannuna ka ga ya fashe yana jini. Ka shiga ka duba shi, ka fito ka tsaya inda zan gan ka, ka gyaɗa mini kai. Ranar na san Allah ya ba ni miji. Ina wannan mutumin ya tafi? A bakin tekun ma daka nake yi, masoyina, taɓarya ce kawai babu. Me ya hana ka buɗe hannuna?

Eh, na raina yawonku, ban ɓoye ba. Na raina hulunan kwano da guntayen wanduna da tsatsar da ake biya a kalla. Na raina patron da agogonsa, mutumin da ko ƙafarsa bai tsoma a ruwan ba, yana tsaye nesa a kan busasshen yashi yana tura ɗan wani. In wasan yana da daɗi haka, ina nasa ɗan? Na raina baƙin da za su tafa yau, gobe su hau jirgi, kuma in ruwan ya riƙe shi wata rana, su nuna wa ƴan'uwansu hoton su ce kaico, su ci abincinsu. Amma yaron ban raina shi ba. Da yake magana a gaba, manyan mutane suna bin sa kamar tumaki, ƙirjina ya cika har na ji tsoron kada a gani a fuskata.

Ga roƙona, ya inuwata, ya ruwan ƙishina. Ban ce ka raba shi da abincinsa ba. Ya hau kekensa, ya busa usur ɗinsa, ya yi ta ba su labarin tsofaffin ƙarafa har su ƙoshi. Amma ruwa, a'a. Ko kwalekwale, ko allo, ko tsalle don tafi, a'a. Ka je wurin patron ka tsaya a gabansa da tsayuwar nan taka da na sani, ka ce ka janye maganarka, uwarsa ba ta yarda ba, ba ta taɓa yarda ba. In ya ce sai da ruwa ko babu aiki, to babu aiki. Ka sa shi a motar Arzika. Gona tana nan, kuma ko a Maradi ana neman mai Faransanci irin nasa. Zan iya cewa don noma nake kiransa, kowa zai yarda, amma kai ba zan yi maka wannan rufa-rufar ba. Ba don gero ba ne. Don ba na iya haɗiye tuwo ne. Duk lokacin da na tuttula ruwa a randa na ji ƙararsa, sai gabana ya faɗi.

Kuma ka ji abin da na ƙudura. In aka yi shuka Arzika bai kawo mini labarin cewa ya daina ba, zan bar wa Ramla gidan, in sake hawa motar nan mai karya baya, in zo. Ba zan hau kekenku ba, da ƙafa zan taka har filin nan. Zan tsaya a gaban Anasara da patron da masu kwakwa, in buɗe bakina in kira shi da sunansa har muryata ta fi ta tekun. Labari ya dawo Dakoro, mata su ce Mariama ta tsufa ta zubar da kunya. Su faɗa. Na riƙe kunyar nan tun ina yarinya, na riƙe ta da kyau, babu wadda za ta ce ta fi ni. Amma ba zan riƙe ta in tsaya a bakin ruwa ina jiran abin da zai turo mini ba.

Saura abu ɗaya. Takardar nan taka ce, kada kowa ya gani. Amma ka ninke ta daga nan, ka rufe sama da tafinka, ka kira shi gefe inda babu mutane, ka nuna masa layin da ke ƙasa. Kada ka karanta masa. Ya gani da idonsa, ya san hannun wa ne. Madam Sharifa ba ta koya mini wannan ba, ban kuma tambaye ta ba.

Abdurrazak, ɗana. Na gan ka. Tun ranar da aka haife ka nake ganinka. Fito daga ruwan nan.

To, na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo mini ba.

Naka sunan kuwa, maigidana, na bar shi inda yake, a ƙarƙashin harshena, inda yake narkewa a hankali kamar ɗanɗanon aduwar nan ta hanyar Sabon Maci. Wannan kunyar ba ta cutar da kowa, don haka zan tafi da ita kabari. Ka yi abin da na roƙe ka, ka dawo mini ko da na ɗan lokaci ne. Tsohon kekenka yana rataye a zaure, ina goge masa ƙura, na hana yara taɓawa. Ka zo ka sa masa iska, ka shimfiɗa mini zane a kariya, ka kai ni ko da bakin gona ne. In rairayi ya kama taya, wannan karon tare za mu tura.

Ni ce taka tun farko, taka a yau, taka har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa. Teku zai gaji da rurinsa kafin in gaji da kai.

Matarka,
Mariama